Oakmont: Itatuwan Da Aka Dasa Da Rana, Aka Sare Da Asuba



A wannan makon za mu yi nisa da gida. Za mu je jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, kusa da birnin Pittsburgh, inda akwai wani filin wasan golf da ake kira Oakmont. Mun san da yawanmu ba mu taɓa riƙe sandar golf ba. Iyakarmu da wasan mu hangi filin ta bayan shinge in hanya ta bi da mu ta tsohuwar unguwar Turawa a Kano ko Kaduna ko Jos, ko mu ji gidan rediyo ya kira shi ƙwallon lambu. Abin da ya ja hankalinmu a Oakmont shi ne tarihin ƙasar filin da ciyawarsa, da mutanen da ke kula da su, da kuma yadda 'yan kalmomin marubuci guda suka taimaka aka dasa dubban itatuwa, waɗanda bayan shekara 30 aka koma ana sarewa a ɓoye kafin gari ya waye.

Ga wanda bai san wasan ba, fili cikakke yana da ramuka 18. Kowane rami yana da mafararsa, inda ake fara buga ƙwallo, sai doguwar hanya ta gajeriyar ciyawa, sai wani dandali a ƙarshe inda ramin yake. Ciyawar dandalin nan aske ta ake yi har ta zama kamar darduma, domin a kanta ake gangara ƙwallo ta faɗa rami. A gefe-gefe kuma akwai kwaruruka cike da yashi, tarko ne ga wanda bugunsa ya kauce.

Asalin wasan bai san itace ba. A gaɓar tekun Sukotlan ya girma, a kan wata irin ƙasa mai yashi da ke tsakanin ruwa da gonaki, wadda ba ta noma, iska mai gishiri kuma ba ta barin itace ya miƙe a kanta. Tumaki da zomaye su ne masu yankan ciyawa na farko. A garin St Andrews akwai takarda ta shekarar 1552 da ta ba wani babban limamin coci izinin kiwon zomaye a filin, ta kuma tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin wasa a wurin. A nan ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, a nan ne kuma Tom Morris, wanda ake kira Tsoho Tom, ya yi kusan shekara 40 yana kula da fili har ya ajiye aiki a 1903. Maganinsa ga kusan kowace cutar ciyawa yashi ne: a barbaɗa, a share ya shige, a sake barbaɗawa. Har yau masu wannan aiki ba su bar wannan dabara ba.

A shekarar da Tsoho Tom ya ajiye aiki ne wani attajirin ƙarfe na Pittsburgh, Henry Fownes, ya sami tsohuwar gona a kan tudu kusa da kogin Allegheny, ya ce zai yi fili irin na gaɓar teku a wurin da babu teku. Da ma'aikata kimanin 150 da alfadarai aka fara aikin a ƙarshen 1903, aka buɗe a 1904. Sunan wurin yana ɗauke da sunan itacen oak, amma filin kansa fetal yake, sai 'yan itatuwa jefi-jefi. Matsalarsa ƙasa ce. Maimakon yashi mai tsotse ruwa, yumɓu ya tarar mai riƙe shi. In aka haƙa kwarin yashi mai zurfi sai ya zama tafki. Don haka aka yi su marasa zurfi, aka yawaita su har suka haura 300 a wani lokaci, aka kuma ƙera wata manjagara mai nauyi da ke barin kunya-kunya a cikin yashin, ƙwallo ta faɗa tsakani ta maƙale. Aka yayyanka lambatu don ruwa ya sami hanya. Henry ya rasu a 1935, ɗansa William ya ci gaba da riƙon filin da irin wannan tsanani, shi ma ya rasu a 1950.

Dandalan ramukan Oakmont sun yi suna da santsi tun farko. Bayan babbar gasar Amurka, wato US Open, da aka yi a wurin a 1935 ne wani mai suna Edward Stimpson ya ƙera wata 'yar sanda mai kwari a tsakiya, da ake gangaro ƙwallo ta cikinta a auna nisan da za ta yi. A shekarun 1970 hukumar golf ta Amurka ta karɓi na'urar. Mu riƙe wannan, domin da zarar santsi ya zama abin aunawa da lamba, kowane kulob sai ya so lambarsa ta fi ta maƙwabci, ba kuwa yadda za a yi sai an ƙara aske ciyawa.

To, ina itatuwan suka fito?

Bayan yaƙin duniya na biyu idon Amurkawa ya sauya. Wata cuta ta riga ta shiga itatuwan elm tun wajejen 1930, ta kashe miliyoyi a tituna da lambuna, mutane suka shiga dashe don cike gurbi, galibi da itatuwa masu saurin girma. A 1965 aka yi dokar ƙawata manyan hanyoyi, wadda uwargidan shugaban ƙasa Lyndon Johnson ta tsaya wa. Sannan ga talabijin. A 1966 aka fara nuna gasar Masters da launi daga filin Augusta na jihar Jojiya, mutane suka ga kore shar, ga furanni ja da fari, ga dogayen itatuwa. Abin da mai kallo bai cika tunawa ba shi ne Augusta tun asali gonar renon tsirrai ce ta wasu 'yan asalin Beljiyam, iyalin Berckmans, tun shekarun 1850, kuma ana rufe filin daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, a sake yafa masa irin wata ciyawa mai jure sanyi don ya fito fes a watan Afrilu. Mako guda ake nunawa, shekara guda ake shiryawa. Amma kowane kwamitin kulob ya koma gida yana son nasa filin ya zama haka kullum.

A farkon shekarun 1960, wani sanannen marubucin wasanni, Herbert Warren Wind, ya kwatanta Oakmont da tsohon dodo mummuna. Mai yiwuwa ma da sha'awa ya faɗa, irin yadda muke yi wa jarumi kirari da muninsa. Amma labarin da ake bayarwa shi ne maganar ta sosa ran wani babban mamba, Fred Brand, wanda ya jagoranci aikin ƙawata filin. Aka dasa dubban itatuwa, oak da ceri mai fure da wasu masu ganye kamar allura, a jere a gefen hanyoyin ciyawa da bayan dandalan ramuka. Mu da ke wasa da alƙalami, wannan wuri ne na tsayawa kaɗan. Mutumin ya rubuta jimlarsa ya wuce zuwa wata gasar. Waɗanda suka zauna da sakamakonta har shekara 30 su ne masu tura injin yankan ciyawa.

Kafin mu gane abin da itatuwan suka jawo, sai mun san yadda shekara take tafiya wa mai kula da fili a can. Lokutansu ba su dace da namu ba, don ruwa yana sauka kusan kowane wata. Sanyi da zafi ne ke raba musu shekara.

A watan Maris da Afrilu dusar ƙanƙara ta narke, aikin farko shi ne zagaya fili a ga ɓarnar hunturu. Akwai wata fumfuna da ke cin ciyawa a ƙarƙashin dusar, ta bar tabo-tabo kamar makero. Akwai wuraren da ruwa ya kwanta ya daskare ya shaƙe ciyawar. Sai a yafa iri, a ba da taki, a gyara bakin kwarurukan yashi da suka zaizaye. Daga Yuni zuwa Agusta kuma lokacin fargaba ne. Ciyawar dandalan Oakmont wata iri ce da ake kira Poa annua, wadda a wasu filayen ake yaƙa a matsayin haki. Tana son sanyi, saiwarta ba ta da zurfi, ga shi kuma kullum da safe ana aske ta zuwa kimanin milimita 3, a bi ta da rola. Tsiron da aka rage wa ganye haka, ɗan abin da ya rage masa da shi zai kama hasken rana ya yi abinci. In zafi ya haɗu da gumi, cutar fumfuna tana iya cinye dandali cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa da tsakar rana za a ga mutum da mesa a hannu yana bin wuraren da suka fara yaushi yana ɗan fesa musu ruwa, don a sanyaya ganyen kawai, domin in ruwan ya yi yawa shi ma cuta ne.

Satumba da Oktoba su ne lokacin babban gyara. Ana kawo inji mai haƙora masu rami a ciki, ya bi dandali yana huda shi, yana zaro 'yan curin ƙasa kamar yatsa. A kwashe su, a cika hudojin da yashi, a share. Ta nan iska da ruwa ke samun hanyar kaiwa ga saiwa bayan wata da watanni ana tattake ƙasar. 'Yan wasa sun tsani wannan mako, domin fili yana cikin kyansa ake ɓata shi, amma wanda ya tsallake shi zai gani a zafi mai zuwa. Daga nan sai ganye ya fara zuba. Disamba zuwa Fabrairu a koma rumfa a kwance injuna, a wasa wuƙaƙensu, a gyara magudanai. Aikin itace ma a nan ya fi dacewa, saboda ƙasa ta daskare, babbar mota za ta shiga ba tare da ta bar sawu ba.

Yanzu mu sa itace mai shekara 25 a gabashin dandali mu sake bin shekarar. A Maris, inuwarsa ta hana ƙanƙara narkewa da wuri, nan ne ciyawa ta fi mutuwa. A Yuli, ya tare rana ta safe, wadda ita ce ke busar da raɓa, ya kuma tare iska, ganyen ciyawa ya wuni a jiƙe, fumfuna ta samu gida. Sai a ƙara feshin magani, a wasu filayen har da girke manyan fankoki a bakin dandali don su yi aikin iskar da aka toshe. Saiwarsa ta bi ƙarƙashin ƙasa ta sha ruwa da takin da aka zuba wa ciyawa, ta shiga magudana ta toshe, ta ɓullo a cikin kwarin yashi inda sandar ɗan wasa za ta iya dukanta ya ji ciwo a hannu. A Oktoba da Nuwamba ma'aikata su bar gyaran ƙasa su koma kwasar ganye. Rana guda aka yi bikin dasa shi, amma kowane wata na kowace shekara yana da kuɗin da yake karɓa, kuma kuɗin ƙaruwa yake yi yayin da itacen ke girma, a daidai lokacin da ake ƙara aske ciyawar saboda waccan na'urar aunawa.

Manomin ƙasarmu ba zai yi mamakin wannan ba. Ya san gero ba ya yin kirki a gindin mangwaro ko darbejiya, ya kuma san dalilin da ya sa yake barin gawo a tsakiyar gona: gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ya ba ta taki. Kwamitin Oakmont bai tambayi wane itace ba, bai tambayi a wane gefe ba. Kyan hoto ya duba.

Sai dai sare itace a kulob ya fi dasa shi wuya nesa ba kusa ba. A Augusta akwai wani itace a rami na 17 da ya addabi shugaban ƙasa Dwight Eisenhower, don ƙwallonsa ta sha bugunsa. A wani taron kulob a 1956 ya nemi a sare shi. Shugaban kulob ɗin, Clifford Roberts, ya tashi taron maimakon a tattauna. Mutumin da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai bai iya kayar da itace guda ba. Yana nan tsaye har Fabrairun 2014, lokacin da ruwan ƙanƙara ya kakkarya shi aka cire. In haka ta faru da shugaban ƙasa, ina ga ma'aikacin da ake biya albashi?

A Oakmont, zuwa shekarun 1990, yawancin mambobi ba su taɓa ganin filin Fownes ba. Cikin itatuwa suka koyi wasa, a inuwarsu suka huta da iyayensu. A wurinsu wannan shi ne Oakmont na asali. Ko a 1987 da gwamnati ta sanya filin cikin wuraren tarihi na ƙasa, a lulluɓe yake da itatuwan da ba su kai shekara 30 ba. Wasu 'yan kaɗan daga shugabannin kulob, tare da shugaban masu kula da fili na lokacin, Mark Kuhns, sun ga in aka kai maganar gaban taro ba za ta wuce ba. Sai suka zaɓi asuba.

Wajen ƙarfe 4 ma'aikata ke fitowa da fitilun motoci. A shimfiɗa tampol don garin katako kada ya zuba a ciyawa. A kayar da itace da zarto mai inji, a daddatsa, a loda, a niƙe kututturen har ƙasa, a cike gurbin, a kawo ciyawa da ƙasarta a shimfiɗa a kai kamar faci, a share ganye na ƙarshe. Kafin mamba na farko ya iso da sandunansa babu alamar an taɓa yin itace a wurin. Kaɗan-kaɗan suke yi, kuma abin mamaki, an daɗe ba a lura ba. Mutanen da suka rantse suna ƙaunar itatuwan ba su iya cewa ga wanda ya ɓace ba, har sai da giɓin ya yi yawa ido ya kama.

Da asiri ya tonu an yi rikici sosai. An yi taruka masu zafi, an yi barazanar zuwa kotu, abokai sun ɓata. Masu sarewa suka fito da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama kafin dashen, suka ce ga filin da Fownes ya bari. A ƙarshe rinjaye ya koma gefensu, aikin ya fito fili, aka ci gaba da shi da rana tsaka. Kafin gasar US Open ta 2007 an cire fiye da itatuwa 5,000, kuma zuwa ta 2016 adadin ya haura 10,000. Wanda ya tsaya a barandar ginin kulob yanzu yana hango kusan dukkan filin, har da ramukan da ke tsallaken babbar hanyar mota da ta ratsa shi.

A ganinmu, ta fuskar ciyawa masu sarewa sun yi gaskiya, kuma filin ya nuna hakan. Ta fuskar amana kuwa akwai magana. Fili na mambobi ne duka, an kuma yanke musu hukunci a bayan idonsu, aka sa ma'aikata su yi aikin da in ya ɓaci su za a fara kora. Ba mu kuma yarda da saurin da wasu marubutan wasanni suka yi na mai da masu son itatuwan jahilai ba. Wanda ya ce inuwa tana da daraja, tsuntsaye sun rasa masauki, ƙarar motoci ta ƙaru, bai faɗi ƙarya ba. Kalmar “asali” ma da aka yi yaƙin da ita tana da santsi. Kafin filin Fownes gona ce, kafin gonar kuma yankin daji ne. Kowane ɓangare ya zaɓi shekarar da ta yi masa daɗi ya ce daga nan tarihi ya fara.

Abin da ya biyo baya ya fi ba mu dariya. Kamar yadda aka kwaikwayi Augusta aka yi ta dashe, haka aka kwaikwayi Oakmont aka yi ta sara. Tsofaffin kulob-kulob da dama a Amurka sun cire itatuwa da yawa, wasu bayan sun auna inda rana ke faɗawa a kowane wata, wasu kuwa don an ce yanzu haka ake yi.

Kada wani ya ɗauki labarin nan ya kawo shi gida yadda yake. Pensilbaniya ƙasar daji ce mai ruwa, in aka bar fili shekara 20 itace zai rufe shi da kansa. Mu kuwa kowane itace sai an yi masa shinge saboda awaki, an yi masa ban ruwa har ya kama. A wasu tsofaffin filayen golf na Arewa ma ba a wahalar da kai da ciyawar dandali ba, yashi ake cakuɗawa da mai a daddaɓe, a riƙa share shi bayan an taka. Inda babu ciyawar da inuwa za ta kashe, ga kuma ranar Afrilu, lissafin itace ya sha bamban.

A Yunin 2025 Oakmont ya karɓi US Open karo na 10, fiye da kowane fili a Amurka. A ranar ƙarshe aka tsuge da ruwa har aka dakatar da wasa, yumɓun da ya dami Fownes a 1903 ya sake riƙe ruwa, ma'aikata suka fito suna ture shi daga kan ciyawa. Da yamma J.J. Spaun ya gangara ƙwallo daga nisan ƙafa 64 a rami na 18, ta bi dandalin da aka aske tun da asuba ta faɗa, ya ci gasar.